Gwiwa a Ƙarƙashin Tebur

Shekara huɗu ke nan da mutuwar Gyare, kuma duk faɗin sashen Fiziks babu wanda ya sani sai mutum ɗaya, wato matar da ke riƙe da makullan ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibai suna kiranta Anti Makulli. Malaman da suka girme ta ma haka suke kiranta, har ta kai in an ambaci sunanta na gaskiya sai ta waiga ta ga ko da wa ake.

Gyare ba ƙwaro ba ce, na'ura ce, baƙin akwati mai girman rediyon tebur, da 'yar taga a gaba inda lambobi ke juyawa. Aikinta ɗaya ne tak. Akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi maɓallin riga ba, ana ajiye shi a kulle cikin akwatin dalma. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ce ga lokacin da ta gaba za ta fashe. Idan aka kawo shi kusa, duk ƙwayar da ta fashe sai na'urar ta ce ƙas, lamba ta ƙaru da ɗaya. Wannan kukan ne ya sa ɗalibai suka raɗa mata suna.

Ranar da kwalbar cikinta ta ƙone, Anti ta rubuta wa shugaban sashe takarda. Ta sake rubutawa. Ta ukun da hannunta ta kai, ya karanta a gabanta, ya ce za a duba, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ga ɗalibai tamanin suna jiran darasin gwaji ranar Talata. Sai ta koma gida ta kwance maɓallin ƙararrawar ƙofarsu, wanda dama ba mai danna shi, kowa bugu yake yi. Ta zo ta ɗaure shi a ƙarƙashin babban tebur, daidai inda gwiwarta ta dama take tsayawa, ta ja siririyar waya ta bayan ƙafar tebur har cikin Gyare. Ta ɗan taɓa da gwiwa, na'ura ta ce ƙas. Niyyarta zango ɗaya ne kawai, kafin a kawo sabuwar kwalba.

Kada wani ya raina aikin. Mutum in ya ce zai yi ta dannawa ba tsari, kafin ya ankara ya koma kiɗa. Sai da ta yi wata biyu tana koyon rikicewa: uku a jere, sai shiru mai tsawo har ɗalibi ya fara zargin kansa, sai ɗaya, sai biyu a manne. Ta ƙware har wani baƙon malami ya shafa kan Gyare ya ce bai taɓa ganin tsohuwar na'ura mai lafiya irin wannan ba. Anti ta ce kulawa ce.

Mijinta a saman bene yake, ofis na uku daga matakala. A makaranta Dakta take ce masa kamar kowa, a gida Abban 'yan biyu, shi kuma yana tsokanarta da Injiniya. Ba ya taɓa na'ura. Alli da allo da takarda su ne kayan aikinsa, kuma shekara goma sha ɗaya yana kan abu ɗaya. Akwai dokar manyan abubuwa, wadda ke riƙe da wata da taurari, take kuma jawo kofi ƙasa in ya suɓuce. Akwai dokar ƙananan abubuwa, ta ƙwayoyin zarra da abin da ke cikinsu. Kowace tana aiki lafiya lau a gidanta, amma da an haɗa su a takarda ɗaya sai lissafi ya tarwatse. Dakta so yake ya sasanta su, ya fito da doka guda da za ta ɗauke komai, daga tauraro har tunanin da ke kan mutum.

To, mutumin nan mai neman sasanta taurari da zarra ba ya iya zaɓar safa. Yakan yi minti goma gaban kwaba da riga biyu a hannu. Shekara biyu haƙorinsa na ciwo, kullum yana auna ko ya je asibiti ko ya ƙara mako guda. Shi da ƙaninsa Auta ba sa magana tun wata gardama kan katangar gidan mahaifinsu, ya rubuta wasiƙar sulhu sau bakwai, duka bakwai ɗin suna cikin aljihun tebur. Anti tana son mijinta, wannan ba abin tambaya ba ne, amma akwai safiyar da take ji kamar ta kama kafaɗunsa ta girgiza shi.

Wata Litinin da hantsi tana goge madubai sai ga shi ya faɗo ɗakin, alli har a gira.

"Injiniya! Na huta! Wallahi na huta!"

"Da me ka huta, Dakta? Kula da wayar nan a ƙafarka."

Ya tsallake wayar, ya dafa tebur, yana haki. "Kwana uku ina bin lissafin nan har ya kai ni cikin ƙwaƙwalwa. Kan nan nawa, me ke ciki? Ƙwayoyi ne, irin na teburin nan. Kowace tana bin doka. Wannan ta ture wannan, wannan ta ture waccan, tun kafin a haife ni ake ta turawa. Lokacin da nake tsaye gaban kwaba ina cewa fara ko shuɗiya, an riga an gama magana. Ni labari kawai ake ba ni daga baya, sai in ɗaga kafaɗa in ce na zaɓa."

"To sai ka daina sa mu makara da safe."

"Ai shi ne!" Ya nuna akwatin dalma da yatsa. "Abu ɗaya ne a ginin nan da ba mai tura shi. Ƙwayar da ke cikin can. Babu abin da ya gabata da ke gaya mata yaushe za ta fashe. Ita kaɗai ce mai 'yanci, mu duka a ɗaure muke. To don me ɗaurarre zai yi ta wahalar da kansa da shawara? Ita zan riƙa tambaya. Sakan goma. In lambar ta rabu biyu daidai, eh. In ta bar ɗaya a ware, a'a. Buɗe akwatin."

Doka ce, ba mai fito da ɗan ƙarfen nan sai mai makulli, kuma sai tana zaune a wurin. Anti ta buɗe, ta ajiye shi gaban Gyare, ta ja kujerarta ta zauna. Tsakani da Allah ta yi niyyar gaya masa. Ta ma buɗe baki, kalmar farko tana kan harshenta. Sai Dakta ya kama habar rigar sanyin da ke jikinsa, ya gyara murya, ya dubi na'ura.

"Rigar nan, in yar da ita?"

Rigar sanyi ce ruwan ƙasa, tun yana ɗalibi yake sa ta. Gwiwar hannu ta fashe, wuya ya saki, da ita ya je bikin ƙanwarta har ya shiga hoto. Sau biyu Anti tana ɓoye ta a bayan kwaba, sau biyu yana tono ta. Shekara goma sha huɗu tana kallon rigar nan ana haƙuri da juna. Gwiwa ta riga baki. Ƙas. Ƙas ƙas. Shiru. Ƙas. Ƙas, ƙas.

"Shida!" Dakta ya yi ihu. Nan take ya tuɓe rigar, ya dunƙule ta, ya jefa a kwandon shara, ya juya sau ɗaya a kan dunduniya. "Kin ji yadda zuciyata ta yi sakayau? Ba nadama! Ba ni na yi ba, ta ina zan yi nadama?"

Anti ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba, don kada ya ga bakinta.

Daga ranar kullum ƙarfe goma sai ya sauko da ɗan littafi a hannu. Tambayoyin Asabar da Lahadi tara su yake sai Litinin. In rage sukari daga cokali uku zuwa ɗaya? Takwas. In je a cire haƙorin nan? Huɗu, kuma ranar ya je, ya dawo kumatu a kumbure yana ƙoƙarin yin fito. In aika wa Auta wasiƙa? Anti ta danna goma cif, ta ɗauke gwiwa da sauri kada ta zarce. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga Auta a bakin ƙofa da matarsa da 'ya'ya uku, manya biyu suka rungume juna suna kuka, kowa na cewa shi ne da laifi, har suka so su sake wata gardamar kan wanda ya fi laifi.

Gidan ya canza. Dakta ya fara shiryawa cikin minti biyar. Ya fara cin abinci da daɗi. 'Yan biyu, 'yan mata masu shekara goma sha biyu, suka same ta a kicin suka ce, "Mama, me aka yi wa Abba? Yau waƙa yake a bayi." Ta ce su bar mata ubansu ya sarara. Ita kanta ba ta san lokacin da ta fara taka matakala bibbiyu ba, makullai na kiɗa a ƙugunta, tana gaida ɗaliban da da harara ce rabonsu.

Ba wai ba ta da wayo ba. Ta san in komai ya zo yadda take so za a gane. Saboda haka da ya tambaya ko a canza labulen falo, labulen da take mafarkin ƙonawa, sai ta danne zuciyarta ta ba shi bakwai. Ya ce, "Yi haƙuri, Injiniya, duniya ta ce a'a." Ta ce ba komai, ta yi kwana biyu tana jin haushin gwiwarta. Sau ɗaya kuma sheɗana ce kawai ta kama ta, ya tambaya ko ya aske gashin baki, ta ba shi eh don ta gani. Ta gani kuwa. Ya fito kamar ƙanin kansa, mai gadi ya tare shi a ƙofa yana neman katin ɗalibi. Sai da ta yi mako uku tana jiran ya tambaya ko ya mayar.

Mutum ɗaya ta gaya wa, yayarta, wadda ke aikin jinya a asibiti. Wata Asabar da yamma suna naɗe wanki a kan gado ta zayyana mata komai. Yaya ta yi dariya har ta zame ƙasa da zanin gado a hannu.

"Ke! Da gwiwa? Wata biyar kina tuƙa Dakta guda da gwiwa?"

"Yaya, rage murya."

"Don Allah ara mini na'urar nan mako ɗaya. Mako ɗaya tak. Akwai wani a gidana da ya kamata duniya ta gaya masa ya gyara famfon bayi." Ta share hawaye, sannan ta ɗan nutsu. "Amma ranar da ya leƙa ƙarƙashin teburin fa?"

"Dakta? Ko takalminsa ne ya shige ƙarƙashin gado ni yake kira."

"Ni dai na gaya miki. Namiji yana yafe a yi masa laifi, a mayar da shi abin dariya ne ba ya mantawa da wuri."

Anti ta ce ta ji. Ta ji ɗin kuwa, amma washegari Dakta ya riƙe hannunta a kan titi a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, sai maganar Yaya ta bi iska.

Abin da ta manta shi ne mijinta ɗan lissafi ne, kuma ɗan littafin nan ba ado ba ne. Kowace tambaya yana rubutawa, da lambar da ta fito, da abin da ya biyo baya. A wata na bakwai ya sauko ba da ƙarfe goma ba, tun takwas da rabi, rungume da takardu, idanunsa na ƙyalli.

"Zauna, Injiniya. Zauna kada ki faɗi."

Ta zauna.

"Tambaya ɗari da arba'in da biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kin san sau nawa amsar ta zame mini alheri? Kusan duka! In ban da gashin baki. Sa'a ba ta yin haka. In makauniyar sa'a ce, rabi ya kamata ya yi kyau, rabi ya lalace." Ya buga takardun a tebur. "Na yi kuskure da farko. Ƙwayar nan ba makauniya ba ce. Akwai zare tsakanin hankalin mai tambaya da fashewarta. Hankali ba ɗan kallo ba ne da ake ba shi labari daga baya, yana da hannu a ciki! Shi ne abin da na rasa shekara goma sha ɗaya. Na sa shi a lissafin, manyan abubuwa da ƙanana suka fara gaisawa. Shafi arba'in na rubuta cikin kwana tara. Zan aika wa babbar mujallar masana, kuma ranar Alhamis ta sama zan tara duk sashen a ɗakin nan in nuna musu da idonsu."

Anti ta hango abin da zai biyo baya. Ta ga sunan mijinta a saman takarda yana yawo ƙasa ƙasa. Ta ga masana suna gwadawa da na'urorinsu masu rai, suna dariya. Ta ga shugaban sashe yana sunkuyawa ɗaukar biro a ƙarƙashin teburin. Ta ce, "Ma sha Allah," da wata murya da ba tata ba, Dakta ya ɗauka murna ce ta shaƙe ta.

Kwana goma gare ta, ta kuma yi iya yinta. Ta sake hawa wajen shugaban sashe kan maganar kwalba, ya ce za a duba. Sai ta yanke shawarar ɓata lissafin da kanta, ta riƙa ba shi amsar banza har ya daina yarda. Ranar farko hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya tambaya ko ya ɗauki laima, ta ba shi uku. Ya tambaya ko ya jira mota, ta ba shi biyar. Ya taka a ƙasa cikin ruwa tun daga makaranta har gida, ya shigo yana ɗiga, haƙora na kaɗawa, baki har kunne.

"Maman 'yan biyu, kin san me ya faru? A tsakiyar ruwan nan na gano kuskuren da ke shafi na goma sha biyu! Da na shiga mota da ban gani ba. Ta san abin da take yi!"

Ya kwanta da mura kwana uku. Anti tana shafa masa magani a ƙirji tana tsine wa ƙararrawar ƙofa da wanda ya ƙirƙiro ta. Ba ta sake iya ba shi muguwar amsa ba.

Ranar Laraba, ana gobe taron, ya sauko ƙarfe goma. Ya yi aski, ya sa farar riga. Ya ajiye takardun a gefen Gyare, ya daidaita gefensu da tafin hannu.

"Saura tambaya ɗaya. Komai ya kammala, danna maɓalli ɗaya ya rage a kwamfuta. Amma ba zan yi mata rashin kunya ba, ita ta kawo ni nan." Ya ja numfashi. "In aika?"

Nan Anti ta ga ƙofa a buɗe, har sai da kanta ya yi jiri don daɗi. Uku kawai. Ƙas ƙas ƙas, shi ke nan. Zai yi biyayya, ta san shi. Zai sa takardun a aljihun tebur, ya soke taron gobe, ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Mijinta ya ci gaba da waƙa a bayi, ita ta ci gaba da mulkinta. Ta matsa gwiwa har ta ji sanyin maɓallin ta cikin zani.

Sai ta ɗaga ido ta dube shi. Ya ƙura wa 'yar tagar lambobi ido, leɓensa na motsi, hannunsa ɗaya a kan takardun. Rigar sanyi wani abu ne, haƙori wani abu ne. Wannan kuwa shekara goma sha ɗaya ce ta ransa. In ta danna uku, zai rufe aikinsa yana ganin duniya ce ta hana shi, ya kuma ci gaba da gina sauran rayuwarsa a kan ƙararrawar ƙofa. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san abin da za ta iya rasawa: wannan sabon mutumin mai dariya, da yadda yake kallonta. Duk da haka ta janye ƙafarta, ta miƙe ta waje inda zai gan ta.

Sakan goma suka wuce. Gyare ba ta ce uffan ba.

"Sifili?" Dakta ya ɗan buga kan akwatin da yatsa. "A sake."

Aka sake. Ana jin ƙarar fanka da muryar wani malami a ajin da ke kusa.

"Injiniya, ina jin ta lalace."

"Ta lalace, Abban 'yan biyu. Shekara huɗu da wata bakwai."

Bai taɓa jin ta kira shi haka a makaranta ba. Ya juyo.

"Sauka ƙasa ka leƙa," ta ce. "Ta nan, inda gwiwata take."

Ya durƙusa da farar rigarsa, ya shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe. Ta ga tafin takalmansa kawai. Aka ɗauki lokaci.

"Wannan ba ƙararrawar ƙofarmu ba ce?"

"Ita ce."

Ƙas, in ji Gyare. Ƙas. Lamba ta koma biyu. Shi ne yake dannawa.

"Rigar sanyi?" Muryar ta fito daga ƙasa.

"Ni ce."

"Haƙori? Auta?"

"Ni ce."

"Labule fa? Ai ke kike son a canza."

"Don kada ka gane."

"Ruwan sama?"

"Na so in ɓata maka lissafin ne, ka ƙi ɓatuwa."

Wani sauti ya fito daga ƙarƙashin tebur, ta kasa gane ko dariya ce ko wani abu. Da ya sake magana muryar ta yi ƙasa, ba wasa a cikinta.

"Wata bakwai ina tashi da safe ina jin duniyar nan ta san da ni. Duk girmanta, da taurarinta da komai, ta san akwai wani a ofis na uku da haƙori ke damunsa. Kin san yadda hakan yake da daɗi?"

Hawaye suka zubo mata ba shiri. "To ni ba a cikin duniyar nake ba?"

Ta goge fuska da bayan hannu ta ci gaba. Ta ce ta yi laifi, ba ta da abin karewa. Ta ce ranar farko ta yi niyyar faɗa, rigar ce ta ja ta, daga baya kuma daɗin ganinsa yana dariya ya hana ta. Ta ce yau ɗin nan ma saura ƙiris ta ba shi uku ta rufe maganar har abada. Ta ce ɗaliban da suka yi shekara huɗu suna auna gwiwarta su ma za ta je ta faɗa, a yi mata abin da za a yi.

Dakta ya fito da baya da baya. Gwiwoyin wandonsa sun yi fari da ƙura, akwai yanar gizo a kafaɗarsa. Ya miƙe, ya dubi shafi arba'in ɗinsa, ya dube ta. Sai sabo ya ja shi, ya juya wajen na'ura, ya gyara murya.

"In yi fushi, ko in..."

Ya tsaya. Anti ta tashi, ta tura kujerar baya, ta je can bakin ƙofa ta tsaya, hannuwanta biyu riƙe da makullai. Tsakaninta da teburin ya kai taku shida.

Ya daɗe a tsaye. Ya wuce sakan goma, ya wuce minti. Ta ga tsohon Dakta na gaban kwaba yana neman dawowa, ido na zuwa dama yana zuwa hagu. Can sai ya ɗaga kai.

"Na yi fushi," ya ce.

"To."

"Fushi sosai. Takardar nan ba za ta je ko'ina ba, taron gobe na soke shi, wajen shugaban sashe kuma tare za mu je, ni zan fara magana. Amma ke, na yi fushi da ke. Kwana huɗu."

"Me ya sa huɗu?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, mutumin da ko gishiri aka ce ya miƙo sai ya kawo dalili. Ta ga yana laluben kansa, yana neman lissafin da ya ba da huɗu, yana neman wanda ya tura shi. Bai samu ba. Gefen bakinsa ya fara rawa, ya yi ta maza ya haɗe rai.

"Haka na ga dama."

Ya tsaya yana sauraron abin da ya faɗa. Ya sake faɗa a hankali, "Haka na ga dama." Sai ya kwashi takardunsa, ya wuce ta gabanta ko kallo babu, ya ja ƙofa da ƙarfi har madubai suka yi ƙara a ma'ajiyarsu. Ta jiyo takunsa a baranda yana ƙara sauri. Ta jiyo wani malami yana cewa, "Dakta, lafiya kuwa?" Ta jiyo mijinta ya amsa da murya mai cike da murna, wadda duk benen ya ji:

"Fushi nake da matata! Ni da kaina!"

Anti ta jingina da ƙofa tana dariya hawaye na zuba, ta fara ƙirgawa da yatsu, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Ya kuwa cika su cif, ko rabin yini bai rage mata ba.